Baburin da Ke Tashi Yau Ya Ƙi Gobe: Yadda Za Ka Gano Matsalarsa a Tsaunin Jos

Ko kai malamin gona ne mai zagaya ƙauyukan Bokkos da Mangu, ko manomi mai fito da dankalin Turawa da kabeji daga Barikin Ladi zuwa bakin titi inda motocin kasuwar Farin Gada ke lodi, babur shi ne ƙafarka. Wanda ya mutu murus ba shi da wuyar sha'ani, domin bakanike zai ga abin da ya lalace da idonsa. Mai wahalarwa shi ne wanda ya tashi jiya da bugu ɗaya, yau da asuba ka yi ta buga kik har gumi ya keto maka cikin sanyi, da ka tura shi gareji kuma ya tashi lafiya lau. Kafin nan mota ta tafi ta bar kayanka a rana, ko manoman da suka taru suna jiran malami sun watse.

Irin wannan matsala tana da lokacin da take zuwa. Saboda haka kada ka fara da sayen kaya. Fara da lura: da sanyin safiya yake ƙin tashi, ko bayan ruwan sama, ko sai injin ya yi zafi, ko bayan ka bi hanya mai gargada? Inji yana bukatar abu uku kafin ya tashi, wato fetur gauraye da iska daidai gwargwado, da wuta a filogi, da matsi a cikin silinda. Lokacin da yake ƙi shi zai nuna maka wanne ne ya gaza.

Idan da sanyin safiya ne

Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma daga Disamba zuwa Janairu sanyin asubarta ya fi na Kano ko Zariya. Fetur ba ya saurin zama tururi a cikin inji mai sanyi, shi ya sa aka yi cok. Buɗe makunnin mai, ja cok, kada ka murɗa totur, sannan ka buga kik. Da ya tashi, bar shi ya ɗumama minti ɗaya ko biyu, ka mayar da cok wurinsa.

A nan ne da yawa ke kuskure. Iskar tudu ba ta da kauri kamar ta ƙasa, don haka kafireton da aka saita a Legas yakan ba injin fetur fiye da iskar da yake samu a Jos. Idan ka ƙara da mantawa da cok a jaye, ga kuma ƙurar hunturu ta toshe filtar iska, filogi zai yi baƙi da toka. Filogi mai toka yakan ba da wuta wata rana, wata rana ya hana. Kwance shi ka duba bakinsa: launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi a bushe alamar fetur ya yi yawa, baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke haurowa, wannan aikin bakanike ne. Goge shi, ka daidaita tazarar bakinsa yadda littafin baburin ya ce. A yawancin ƙananan babura tana tsakanin milimita 0.6 da 0.8. Idan ka ji warin fetur bayan bugu da yawa, mai ya cika injin. Mayar da cok, murɗa totur har ƙarshe, ka buga sau biyar ko shida.

Sanyi yana rage ƙarfin batir. Mai cikakken caji yakan nuna wajen volt 12.6 a ma'auni. Idan sitata ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru amma kik ya tayar da injin, duba kan batir tukuna, domin sau da yawa noti ne ya yi sako-sako ko farin gari ya taru a kansa. Idan kuma ya ƙi da safe duk da filogi da batir lafiya, kik ɗin ma ka ji shi sakayau ba nauyi, a duba tazarar bawul.

Idan bayan ruwa ko raɓa ne

Damina a tsaunin Jos doguwa ce, daga Afrilu zuwa Oktoba, ga hazo da raɓa mai yawa. Hular filogi da ta tsage, ko wayarta da ta goge, takan zubar da wuta a jikin inji idan ta jiƙe. Rana na fitowa ta bushe, babur ya tashi. Hular ba ta da tsada, canja ta.

Ruwa yana shiga ta ciki ma. Tankin da ya kwana kusan babu mai yakan yi gumi a ciki da dare. Ruwan ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya gangara cikin kofin kafireto. A ƙasan kofin akwai ɗan noti na tsiyaye mai. Sassauta shi, ka tari man a kwalba mai haske, nesa da wuta ko taba. Idan akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa. Mutumin ƙauye ba kullum yake kusa da gidan mai ba, dole wani lokaci ya sayi na 'yan bumburutu. To, a tace shi da kyalle mai tsabta, a kuma guji na gindin jarka. Na gidan mai ma ba a rufe ido a kansa, domin a farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata injuna da dama.

Idan sai ya yi zafi ne

Ka yi tafiyar kilomita goma ya mutu, ka huta a inuwa ya tashi. Abu biyu ake zargi. Na farko, buɗe murfin tanki nan take. Idan ka ji ya zuƙi iska, bayan ɗan lokaci injin ya tashi, ƙaramar kafar iska da ke jikin murfin ce ƙura ta toshe, mai ya kasa sauka. Na biyu, kwayil ko akwatin CDI da ya fara gajiya, wanda kan daina ba da wuta idan ya yi zafi. Hanyar bambancewa ita ce gwajin wuta a daidai lokacin da ya mutu, ba bayan ya huce ba. Kwance filogi, mayar da shi cikin hularsa, jingina ƙarfensa a jikin inji ba tare da ka taɓa ƙarfen ba, ka buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi yana nufin wuta lafiya, ka koma wajen mai. Idan babu, ko ja ne mai rauni, matsalar ta wuta ce. Ko da haka, kada ka yarda a canja CDI sai an gwada da wani mai aiki an ga bambanci. Da yawa an jefar da masu lafiya.

Idan bayan gargada ne

Hanyoyin gona masu duwatsu suna sassauta mahaɗin wayoyi. Wayoyin da ke wuyan babur, inda kai ke juyawa, sukan karye a cikin robarsu ba a gani. Tayar da injin, ka juya kai dama da hagu, ka girgiza makulli da wayoyin a hankali. Inda ka taɓa injin ya yi tari ko ya mutu, nan ne ciwon. Duba fiyus, da maɓallin kashe inji idan baburinka yana da shi, da wayar da aka ɗaure a jikin firam, wadda tsatsa ke ci da damina.

Kai malamin gona, littafin da kake rubuta ziyarar gonaki ya isa wannan aiki. Ware shafi ɗaya ka riƙa rubuta rana, da lokaci, da yanayin gari, da inda ka sha mai, duk sa'ad da babur ya ƙi tashi. Bayan sau uku ko huɗu ka kai wa bakanike shafin tare da baburin. A ƙarƙashin kujera kuma ka ajiye sabon filogi, da sifanar kwance shi, da fiyus ɗaya, a naɗe cikin leda saboda ruwa.