Asubanci a Rugar Dawaki

Shanu uku suka rage mini, farfaru, irin da ake kira bunaji, kuma ba a gidana suke kwana ba. Suna garken wani dattijon Bafulatani a bayan Dawaki, kamar yadda manoma da dama a ƙasar Rano da Kibiya ke ba da kiwo. Duk mako biyu nakan je duba su da asuba, tun maruƙa na ɗaure a dangwali.

Da can ƙirgawa kawai nake yi in juyo. Baffa, dattijon mai garken, shi ne ya hana ni. "Malam, tsaya ka ga yadda suke tashi tukuna," in ji shi. Lafiyayyar saniya takan tashi ta yi miƙa, hanci da danshi, tana tuƙa a natse. Wadda ta ware gefe, kunne a sake, hanci a bushe, gashi a tsaye, ita yake fara nufa. Ya ɗaga jela ya nemi kaska, ya shafa gadon baya ko kirci ya soma, musamman da damina. Kashin ma sai ya tona shi da sanda. In yawu na dalala tana ɗingishi, ciwon baki da kofato ake zargi. In tari ne da nishi, ta miƙar da wuya, to ciwon huhu ne ake tsoro, don yakan bi garke kaf. A Vom ta Jihar Filato ake haɗa allurar rigakafinsa, kuma tsofaffin makiyaya ba sa wasa da ranar allura. Sun ga ɓarnar bushiya a farkon shekarun 1980, cutar da sai a 2011 aka bayyana kawar da ita daga duniya.

Ni dai bazara ce ke hana ni barci. Karan dawa ya ƙare, ciyawa ta ƙone, garke na doguwar tafiya neman ruwa ta wajen Rurum da Tiga, inda ciwon hanta ke jira a gaɓa mai laka. Yunwa kuwa har leda takan sa saniya ta haɗiye. Bara wata karsanata ta yi ta rama, ga dusa ga kanwa, amma shiru. Da aka yanka ta, dunƙulen ledar da mahauci ya zaro daga tumbinta ya kusa cika bokiti, kuma har yau abin na cin raina. Tun daga ranar, in mun bi burtali da buhu nake tafe ina tsince leda, Baffa na gaba, sanda a wuya, yana kiran kowace saniya da sunanta.