Mu gyara murhu, mu rage hayaƙi

A yawancin gidajenmu, daga Maradi har Tawa, da itace ake girki bisa duwatsu ukku. Irin wannan murhu ɓarnarsa ta fi aikinsa. Iska na kwashe zafin wuta ta kowane gefe, kaɗan ne ke taɓa gindin tukunya. Shi ya sa dami ba ya jimawa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga aljihu ba. Hayaƙi na shiga huhun uwa da na goyonta, yana kawo tari da ciwon ƙirji da ciwon ido. Ƙungiyar OMS mai kula da lafiyar duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi ajalin mutum wajen miliyan 3. Bayan haka, duk icen da ya ƙone yana sakin iskar karbon, wadda ke taruwa a sama tana tsare zafin rana. Icen da aka bari da rai kuwa shanye ta yake yi.

Mine ne magani? Mu kewaye duwatsun da gini. A kwaɓa yumɓu da kashin jaki da ƙaiƙayi, a rufe, ya kwana bakwai. A aza tukunyar gida bisa duwatsun, a gina bango har kusa da wuyanta. Tsakanin bango da tukunya a bar wurin da yatsa zai shiga, don wuta ta lashi cikin tukunya, hayaƙi ya fita. A huda ƙofa guda ta sa itace. Kada a hura wuta sai ginin ya bushe sarai. In ya tsage, a liƙe da wuri.

Wanda ke da hali ya sayi murhun ƙarfe Mai Sauƙi wurin maƙera, ko na gaz. Tun shekarar 2011 matatar SORAZ ta Damagaram take fitar da gaz a ƙasarmu.

Sauran dabaru ba su cin ko dala: busasshen itace, faskare ƙanana, marfi bisa tukunya, jiƙa wake tun da dare, da taga a ɗakin girki.

Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 mun san abin da rashin itatuwa ke jawowa. Mai gida, ka taya uwargida kwaɓa ƙasa tun kafin damina ta sauka.