KWANAN DAJI KAFIN HAWAN KWAZAZZABON ƘANƘARA

Gabatarwa

Matafiyin da ya taso daga Kano ya bi hanyar Daura, da zarar ya wuce Ɗambatta zai fara hango duwatsun Kazaure a jere. Duwatsun nan sun bazu har wajen Roni da Gwiwa, amma in aka yi gabas zuwa Ɓaɓura sai ƙasa ta shimfiɗe ta zama rairayi. Masu ba da tarihin baka suna cewa maharba ne suka fara zama a kwarin da ke tsakanin duwatsun, suka ga wurin ya yi kama da zaure, daga nan sunan garin ya samo asali. Ke nan hawan dutse da kwanan daji ba baƙin abubuwa ba ne ga mutanen wannan yanki. Abin da yake baƙo shi ne dutsen da ƙanƙara ta lulluɓe. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake hawan kwazazzabon irin wannan dutse, da dalilin da ya sa masu hawansa ba su da makawa sai sun kwana a daji kusa da gindinsa.

Ƙanƙara a Kan Dutse

A Hausa kalmar ƙanƙara tana nufin ƙanƙarar da kan zubo tare da ruwan sama, tana kuma nufin ruwan da ya daskare. Wadda ke sauka a ƙasashen sanyi kuwa, laushi gare ta da rashin nauyi, shi ya sa aka kamanta ta da dusa, aka ce dusar ƙanƙara. Ba ta sauka a ƙasar Hausa, domin ko a tsakiyar hunturu sanyin asuba bai cika wuce digiri 10 ya yi ƙasa ba, alhali ruwa ba ya daskarewa sai ma'auni ya kai sifiri.

Sai dai tsawon dutse yana yin abin da hunturu ba ya iyawa. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5. Kazaure tana bisa teku da wajen mita 500. Ranar da ma'aunin zafi ya nuna digiri 30 a garin, wanda ya ɗaga sama zuwa mita 5,000 zai tarar da digiri 1 kacal. Ba a samun dutse mai wannan tsawo a Nijeriya, don mafi tsawo, watau Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne. A Afirka ta Gabas kuwa akwai Kilimanjaro mai mita 5,895 da Dutsen Kenya mai mita 5,199. Lokacin da wani Bajamushe mai suna Johannes Rebmann ya ba da labari cewa ya ga ƙanƙara a kan Kilimanjaro a 1848, wasu masana a Ingila ƙaryata shi suka yi, don a ganinsu ba ta yiwuwa a tsakiyar ƙasar zafi. Daga baya gani ya kori ji.

Kwazazzabo a Matsayin Hanya

Kwazazzabo tsaga ce mai zurfi a jikin dutse, wadda ta gangaro daga sama zuwa ƙasa da bango a kowane gefe. A duwatsun Kazaure ruwan damina ke bin irin wannan tsaga. A dogayen duwatsu kuwa dusar ƙanƙara ce ke taruwa a ciki, ta danne juna, ta yi tauri. Sai ta zama wata miƙaƙƙiyar hanya da ta fi bangon dutse sauƙin takawa.

Misali mafi shahara a Afirka yana jikin Dutsen Kenya. Dutsen yana da ƙololuwa biyu a kusa da juna, Batian mai mita 5,199 da Nelion mai mita 5,188. Daga tsakaninsu wani kwazazzabo ya gangaro ta fuskar kudu, wanda Turawa suka raɗa wa suna Diamond Couloir. Tun 1899 Halford Mackinder da ja-gorori biyu suka taka ƙololuwar Batian ta wata hanya, amma ba a bi kwazazzabon nan daga ƙasa aka fita ba sai a 1973, sa'ad da Phil Snyder da wani ɗan Kenya, Thumbi Mathenge, suka hau shi. A 1975 Yvon Chouinard da Michael Covington, mutanen Amurka, suka bi ta bangon ƙanƙarar da ke can samansa kai tsaye.

Mai hawa yakan ɗaura wa takalminsa wasu ƙarafa masu haƙora don su kama ƙanƙara. Yakan riƙe ɗan gatari mai kama da diga, yana sara yana jan jiki. Mutum biyu ke ɗaure kansu da igiya ɗaya. Na gaba yana hawa yana murɗa ƙusoshi cikin ƙanƙara yana ratsa igiyar ta cikinsu, na baya yana tsaye yana sakar masa ita kaɗan-kaɗan, domin in ya zame ya tare shi. Kowannensu da hular kwano a kansa.

Haɗarin Kwazazzabo

Makiyayi ko maharbi a ƙasar Roni ya san ba a yada zango a cikin busasshiyar korama da damina, ko da kuwa ba ɗigon ruwa a wurin. Ana iya yin ruwa a can saman dutse, kafin a ankara ya taho da itace da duwatsu ya share duk abin da ya tarar. Dalili kuwa shi ne duk abin da ya faɗo daga dutse, tsagar nan ce hanyarsa. Haka abin yake a kwazazzabon ƙanƙara, sai dai can rana ce ke jawo masifar, ba hadari ba.

Da dare sanyi kan daskarar da komai. Ƙanƙara ta yi tauri, ta kuma riƙe duwatsun da suka tsattsage kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Da rana ta fito ta bugi saman dutsen, sai ƙanƙarar ta fara narkewa, duwatsu su ɓalle su gangaro cikin kwazazzabon, inda mai hawa ba shi da wurin kaucewa. Har ila yau dusar da ta yi laushi tana iya zaftarewa gaba ɗaya ta binne mutane. Wannan ya fi aukuwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, musamman bayan sabuwar dusa ta sauka. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yakan rayu galibi, amma bayan haka numfashi ke ƙare masa.

Saboda haka lokacin aminci ɗan kaɗan ne, watau daga tsakar dare zuwa hantsi. Wanda ya kwana a gari ba zai iya isowa cikin wannan lokaci ba, komai sammakonsa. Bahaushe ya ce in kana taƙama da sammako, wani a tafe ya kwana. Wannan shi ne tushen kwanan daji a wurin masu hawan ƙanƙara.

Yadda Ake Kwanan

Abu na farko shi ne zaɓen wuri. Ana neman inda yake kusa da bakin kwazazzabon amma ba a saitinsa ba, a bayan wani babban dutse da zai tare iska da abin da zai gangaro. Wasu sukan kafa tanti, wasu su haƙa kogo cikin dusar su shiga. Abin mamaki, kogon ya fi waje ɗumi, domin iskar da ke maƙale cikin dusa tana hana zafin jiki fita, kamar yadda jinkar ciyawa ke yi wa ɗaki. A Dutsen Kenya masu bin hanyar Naro Moru sukan yada zango a kwarin Teleki, sama da mita 4,000. A kan ƙololuwar Nelion ma akwai wani ɗan akurkin kwano da Ian Howell ya kafa a 1970, domin wanda dare ya riska a can sama.

Abu na biyu shi ne ɗumi. Ƙasa mai sanyi ta fi iska saurin zuƙe zafin jiki, don haka sai an shimfiɗa abu mai kauri kafin a shiga buhun barci. Akan cire tufafin da gumi ya jiƙa, a sa busassu. Takalmi da gorar ruwa akan kwana da su a cikin buhun, in ba haka ba da asuba a same su sun daskare. Sanyin da ya kama yatsu yana iya kashe naman har a kai ga yanke su.

Abu na uku shi ne ruwa. Babu rijiya babu rafi, sai a narkar da dusa a kan ɗan risho, aikin da kan ci sa'o'i. A nan akwai haɗarin da kowane Bahaushe ya sani daga hunturu. Gawayin da aka kunna a kasko aka rufe ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ta kashe mutane cikin barci. Risho a rufaffen tanti ma haka yake yi, don haka dole a bar kafar da iska za ta shiga.

Abu na huɗu shi ne sabo da tsawo. A mita 5,000 iskar da ke shiga huhu a numfashi ɗaya ba ta fi rabin ta bakin teku da yawa ba. Wanda ya hau da gaggawa sai ciwon kai da amai su kama shi, in abin ya tsananta ruwa ya taru a huhunsa ko ƙwaƙwalwarsa ta kumbura. Likitoci suna ba da shawarar cewa bayan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Idan ciwon ya kama mutum, babban maganinsa shi ne saukowa.

Tashi da Komowa

Tun cikin dare ake tashi, a sha abu mai zafi, a ɗaura fitila a goshi kamar yadda maharban dare ke yi. Kafin a bar zango akan yanke lokacin juyowa, a ce ƙarfe kaza in ba a kai ba za a koma. Idan kuma aka farka aka tarar daren bai yi sanyin da zai daskarar da dusa ba, sai a naɗe kaya a fasa. Wannan hukunci ya fi hawan kansa wuya, musamman ga wanda ya kashe kuɗi ya yi tafiyar kwanaki yana ganin ƙololuwa a gabansa. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kammalawa

A yau kwazazzabon Dutsen Kenya ba kamar yadda Snyder da Mathenge suka same shi yake ba. Ɗumamar yanayi ta cinye ƙanƙarar dutsen. Babban dunƙulen ƙanƙarar da ake kira Lewis ya rasa kimanin kashi 90 cikin 100 na jikinsa tsakanin 1934 da 2010, kwazazzabon kuma ba kasafai yake cika ya daskare daga ƙasa har sama ba. Duk da haka ilmin da ke tattare da hawansa bai tsufa ba, kuma ba na Turawa kaɗai ba ne. Maharbin Kazaure da ya ƙi kwana a korama da mai gatarin da ya tashi tsakar dare a kwarin Teleki abu ɗaya suka gane, cewa dutse yana da lokacin da yake barin mutum ya wuce, kuma sai wanda ya kwana kusa da shi yake samun wannan lokaci.