Labarin Ƙanƙara Mai Narkewa da Hawan Ruwan Teku

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, gama su ne jama'a kan tambaya in sun ji a rediyo cewa ruwan teku yana hawa. Kowa ya san gulbi yakan cika da damina ya janye da rani, amma yawancin mutane suna zaton teku a wuri ɗaya yake tsaye tun fil azal. Ba haka ba ne. Teku ya sha hawa da sauka, kuma babban abin da ke sa shi haka shi ne ƙanƙarar da ke can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu na duniya.

Ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda kan faɗo tare da hadari, ta narke nan da nan. A ƙasashen sanyi kuwa akwai wata mai laushi kamar gari, in ta zuba ba ta narke duka da bazara ba, sai ta bana ta hau kan ta bara, har bayan dubban shekaru ta daskare ta zama kamar dutse. To, ruwan nan daga teku rana ta ɗauko shi. Muddin yana daskare a kan tudu, teku ya yi hasararsa ke nan.

Kimanin shekara 21,000 da suka wuce, ƙanƙara ta rufe kusan dukan Kanada har ta kai inda birnin New York yake yau, kaurinta a wasu wurare ya yi kusan mil 2. Wata ta rufe Norway da Sweden da Finland da yawancin tsibirin Birtaniya. Saboda haka teku ya yi ƙasa da inda yake yanzu da wajen ƙafa 400. Mutum na iya takawa daga Faransa zuwa Ingila, ko daga Siberiya zuwa Alaska, ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Mu nan ƙanƙara ba ta iso mu ba, fari ne ya same mu: hamada ta matso kudu, kuma jigayin rairayi da ke tsakanin Kano da Haɗeja iska ce ta tara su a irin waɗannan zamanai.

Mai karatu zai ce, wa ya gani? Tambaya ce mai kyau. A 1837 wani masani na ƙasar Switzerland, Louis Agassiz, ya yi bayani cewa manyan duwatsun da ake samu yashe nesa da tsaunukan da suka fito, da zane-zanen da ke jikin fā, duk aikin ƙanƙara ne mai jan jiki. Da fari an yi masa musu ƙwarai. A 1931 kuma wani jirgin masunta na Ingila ya jawo dunƙulen ƙasa daga ƙarƙashin tekun da ke gabas da ƙasarsu, da aka fasa sai ga kan mashi na ƙaho, wanda maharbi ya sassaƙa tun wurin yana tudu. Amma shaidar da ta fi auna abin daidai ita ce ta murjani. Akwai irinsa da ba ya rayuwa sai kusa da saman ruwa, inda haske ke isa. In an haƙo mataccensa a zurfin ƙafa 300, aka gane shekarunsa, an san inda saman teku yake a wancan lokaci. Haka aka yi a tsibirin Barbados, aka buga sakamakon a 1989.

Dalilin narkewar kuwa, hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana da yadda take karkata suna sāke-sāke a hankali, har hasken bazara a arewa ya ƙaru ko ya ragu. Milankovitch, mutumin Sabiya, shi ya yi lissafin wannan, aka tabbatar da shi a 1976 daga laka ta ƙasan teku.

Narkewar ba ta tafi a kan ma'auni ɗaya ba, kuma wannan ya kamata a lura da shi. Wajen shekara 14,600 da suka wuce teku ya hau kimanin ƙafa 50 cikin shekarun da ba su kai 500 ba, watau dattijo zai iya nuna wa jikansa ruwa a inda ya yi farauta yana yaro. Sai kimanin shekara 6,000 da suka wuce abin ya lafa. Dukan biranen gaɓa da aka sani a tarihi a cikin wannan lafawa aka gina su, shi ya sa aka ɗauka teku ba ya motsi. Ita ma ƙasar da ƙanƙara ta danne har yanzu tana ɗagowa. A arewacin Sweden takan tashi kusan ƙafa 3 cikin shekara 100, har a 1649 aka ta da garin Luleå aka matsa da shi bakin ruwa, don tashar jiragensa ta cushe.

Ƙanƙarar da ta rage a kan tudu ba kaɗan ba ce. Ta Greenland in ta narke duka za ta ƙara wa teku wajen ƙafa 24, ta Antarctica wajen ƙafa 190. Wadda ke yawo a kan ruwa ba ta cikin lissafi, gama ta riga ta ci wurinta a cikin tekun. Shekara 125,000 da suka wuce, lokacin da duniya ta ɗan fi ɗumi, har dorina ta zauna a kogin London, teku ya fi na yanzu da ƙafa 15 ko fiye.

Tsakanin 1901 da 2018 teku ya hau kimanin inci 8, kuma taurarin ɗan adam da ke aunawa tun 1993 sun nuna saurin yana ƙaruwa. Wannan karon hayaƙin kwal da man fetur da gas ne ke ɗumama duniya, ƙanƙara na narkewa, ruwan da ya yi ɗumi kuma yana kumbura. Inci 8 ba kome ba ne ga mai zaune a tudun Zariya, amma a Ikko, inda unguwanni da yawa ba su fi ruwa da ƙafa kaɗan ba, kuma inda kayan Arewa ke shiga jirgi, ya isa ya sa igiyar ruwa ta shiga titi.