Haƙurin Tarwaɗa

Cikin kifayen da masunta ke fitarwa daga madatsar ruwan Muhammadu Ayuba da ke Kazaure, da wuya a sami mai taurin rai kamar tarwaɗa. Karfasa tana barin ruwa sai ta ɗan yi tsalle-tsalle ta mutu. Ita kuwa tarwaɗa a zuba ta a daro da ɗan ruwan da bai rufe mata baya ba, a ɗora a babur zuwa Roni ko Gwiwa, a wuni ana ciniki, da la'asar tana nan tana kaɗa gashin bakinta guda takwas. Ban da gaɓar da kowane kifi ke tace iska daga ruwa da ita, Allah Ya ƙara mata wata a cikin kai, mai rassa-rassa, wadda take shaƙar iskar sarari da ita. Shi ya sa a daren ruwan sama takan bar kududdufi, ta dogara da ƙayoyin gefen ƙirjinta ta ja ciki zuwa wani. Gaiwa ce kaɗai ta fi ta jimiri, wadda ke shigewa laka ta kwana rani, har ake cewa jikinta take ci. Maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba, don da naman jikinta take rayuwa har ruwa ya dawo.

Wannan juriyar ce ta sa mutanen da can suke jefa ɗan kifi a rijiya ya cinye ƙwari, har "kifin rijiya" ya zama sunan wanda bai san duniya ba. Ita ce kuma ta sa yau matasa daga Kazaure har Babura ke kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol a bayan gida. Abin da ke damuna shi ne haƙurin nata kan zame mata masifa. Tun da ba ta mutuwa da wuri, sai mai ita ya ɗauka lafiya lau take.

Tana da abokin wahala a ƙasar Tailan, ɗan kifin faɗa mai launin ja ko shuɗi da ake kira beta. Asalinsa fadamun shinkafa ne, shi ma yana shaƙar iskar sama, namijinsa har sheƙar kumfa yake haɗawa ya tsare ƙwai. Saboda yana jure ƙuntataccen ruwa, a biranen duniya ake sayar da shi cikin ɗan kofin gilashi, a ajiye a ɗaki har jelarsa ta soma ruɓewa.

An ce in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Tarwaɗa ma tana ba da labarin ruwanta, sai dai da jiki take faɗa. Leƙa tanki da sassafe. Mai lafiya takan ɓullo ta haɗiyi iska ta nutse nan take, in ka watsa abinci ruwan ya hautsine. Marar lafiya za ka gan ta tsaye cak, kai sama jela ƙasa, kamar muciyar da aka jiƙa a tukunya. Bakin gashinta ya yi fari ya gutsire, fatar ta yi tabo-tabo, wata cikinta ya kumbura. Akwai ciwon da ke tsaga ƙashin kai, wanda ake dangantawa da ƙarancin bitamin C a abinci.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan maganar zahiri ce. Kashin kifi da ragowar abinci ne ke ruɓewa su saki gubar amoniya. Don haka mai hankali kafin ya nufi kantin magani, hanci yake fara kai wa tankin. Ya dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, ya zubar da wani kaso na ruwan ya ƙara sabo a hankali, ya tsame masu ciwo ya ware su, domin tarwaɗa ba ta jin kunyar cinye 'yar'uwarta in ta ga rauni. Ɗan gishiri yana taimaka wa fata. Wasu masu kiwo kan matse shuwaka a ruwan. Wanda ba na goyon bayansa shi ne mai barbaɗa kafso a tanki ba tare da ya ga likitan dabbobi ba, ya kuma sayar kafin maganin ya fita daga jikin kifin. Wannan kifin a miyar 'ya'yan wani zai ƙare.

Hunturu ma abin lura ne a wannan yanki. Tarwaɗa 'yar ɗumi ce, in sanyi ya kama ruwa cikinta ba ya narkar da abinci sosai. A watannin Disamba da Janairu sai a rufe tankin da dare, a rage awo, a jira rana ta ɗaga kafin a ba ta.