Tsirrai da Ƙofofin da Cutar Ƙanjamau ke Bi

A shekarar 1996 ne masana ilmin ɗibbu suka tabbatar da cewa ƙwayar cutar ƙanjamau, duk da irin ɓarnar da take yi wa garkuwar jiki, ba ta samun ikon kutsawa cikin fararen ƙwayoyin jini sai ta kama ɗaya daga cikin wasu ƙofofi biyu, CCR5 da CXCR4, waɗanda asalin aikinsu, bisa hikimar Mahalicci, shi ne karɓar saƙon da ke kiran ƙwayoyin zuwa inda rauni ko kumburi yake. Babbar hujjarsu kuwa ita ce, akwai wasu tsirarun Turawa da ake haifa ba su da CCR5, waɗanda da wuya cutar ta kama su, har ma wani majinyaci, Timothy Brown, ya warke bayan an yi masa dashe daga jikin irinsu a Balin a 2007, shekarar da Amurka ta halatta maraviroc, maganin da ke toshe wannan ƙofa.

Maraviroc haɗin ɗakin bincike ne, amma masana sun waiwayi itatuwa ma, inda suka sami anibamine a jikin bishiyar Aniba ta Kudancin Amurka, da shikonin a saiwar zicao wadda likitocin Sin suka daɗe da sani, kowannensu kuma ya nuna alamar tare ƙofar a cikin kwalbar gwaji. Sai dai tsakanin kwalba da jikin ɗan Adam akwai tafiyar shekaru ta auna miƙidari, da illa ga hanta da ƙoda, shi ya sa har yau babu ɗayansu da aka halatta a matsayin maganin ƙanjamau.

Wajibi ne, saboda haka, mutanen Arawa da sauran unguwannin Gombe, idan mai tallar sassaƙe ya yi musu alkawarin waraka, su nemi dalili, kada kuma majinyaci ya ajiye maganin asibiti dominsa. Masu ilmin saiwoyi na haƙiƙa kuwa suna da abin koyi a Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta tace daga haɗin gargajiya mai kanumfari da masoro. Abin da ya kamace su shi ne su kai abin da suka gada ga masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Jihar Gombe, a gwada shi, a rubuta sakamakonsa.