Kula da Hita da Famfon Kwamin Baftisma

1.0 Gabatarwa

Baftisma ibada ce ta mabiya addinin Kirista wadda ake yi da ruwa. Wasu ɗariku yayyafa ruwan suke yi a ka, wasu kuwa, irin su Baftis da ECWA da EYN, nutsar da mutum suke yi gaba ɗayansa. A karkara rafi ko kogi ya wadatar. A birane kuwa, musamman a Amurka inda tsarin ya fi yawa, akan gina kwami a cikin majami'a a haɗa masa hita da famfo domin ɗumama ruwan. Irin wannan buƙata takan taso a wurare masu sanyi kamar Jos a lokacin hunturu. A nan za a yi bayanin yadda na'urorin biyu suke aiki, da matsalolinsu, da hanyoyin kula da su.

2.0 Yadda Suke Aiki

Famfo, a nan, shi ne injin da yake zuƙo ruwa daga gindin kwami, ya bi da shi ta cikin hita, ya mayar da shi kwamin ta wani bututu. A cikin hita akwai sandar ƙarfe wadda wutar lantarki take zafafawa, da makunnin da yake yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka saita, wanda galibi ba ya wuce digiri 30 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyos. Muhimmin abin lura shi ne, rayuwar hita ta rataya ne a kan gudun ruwa. Idan sandar ta yi zafi alhali ba ruwa a jikinta, nan da nan take ƙonewa. Saboda haka famfo ake fara kunnawa kafin hita, hita kuma ake fara kashewa kafin famfo.

Ɗumama ruwa mai yawa yana cin lokaci. Alal misali, hita mai ƙarfin kilowat 6 tana buƙatar kimanin awa 5 da rabi kafin ta ɗaga lita 2,000 daga digiri 18 zuwa 32, ko da zafin bai tsere ba. Don haka akan kunna ta tun jajibiri, a kuma rufe saman kwamin da leda mai kauri. Sau da yawa hitar da ake zargi da lalacewa lafiyarta ƙalau, lokaci ne ba a ba ta ba.

3.0 Matsaloli da Hanyar Gano Su

Mai bincike ya fara da mafi sauƙi kafin mafi wuya, wato ya duba ruwa tukuna, sannan wuta.

(a) Famfo yana aiki, ruwa ba ya zagayawa. Ko dai ruwan kwamin bai rufe bakin bututun zuƙa ba, ko iska ta shiga bututu, ko an bar wani makulli a rufe, ko gashi da zare sun toshe rariya. A kashe injin, a ƙara ruwa, a fitar da iskar, a wanke rariyar.

(b) Famfo yana gurnani amma ba ya juyawa. Da yake baftisma ba kullum ake yi ba, injin yakan yi watanni a zaune har farfelarsa ta cije. Yana yiwuwa kuma kafasito ne ya mutu, ko wuta ce ba ta da ƙarfi. A kashe shi nan take, domin barinsa a haka yana ƙona koyil.

(c) Ruwa yana zagayawa amma ba ya ɗumi. A duba saitin makunnin zafi, da maɓallin kariya wanda yake faɗuwa idan hita ta yi zafi fiye da kima. Idan duk lafiya, sai mai gyaran wuta ya auna sandar da mita.

(d) Hita tana jinkiri fiye da da. Ruwan rijiya ko na burtsatse yakan bar farin ɓawo a jikin sandar, wanda yake hana zafi ratsawa. Jiƙa ta a ruwan binega yana narkar da shi.

(e) Ruwa yana ɗiga a ƙarƙashin famfo. Robar da take tare ruwa a bakin sandar farfela ta cinye, galibi saboda an taɓa kunna injin a bushe. Sauya ta ake yi.

(f) Bireka tana yawan faɗuwa. Wannan gargaɗi ne cewa wuta tana zurarewa, ƙila sandar hita ta tsage. Kada a kuskura a ɗaure birekar ko a tsallake ta da waya.

4.0 Tsaron Rai

Ruwa da wutar lantarki ba sa ga maciji. A watan Oktoba na shekarar 2005, Fasto Kyle Lake na wata majami'ar Baftis a garin Wako, jihar Tekzas ta Amurka, ya rasu yana da shekara 33, bayan ya kama makirufo yana tsaye a cikin kwamin baftisma. Darasin da ke cikin wannan shi ne, dole a yanke wutar hita da famfo daga tushe kafin kowa ya sa ƙafa a ruwa, kada kuma a kusanto da makirufo mai waya.

Haka nan, wajibi ne na'urorin su kasance da wayar da take sauke wuta a ƙasa, da bireka ta musamman mai faɗuwa da zarar zurarewar ta kai miliyamfa 30. Hita mai kilowat 6 tana jan kimanin amfa 26 a wutar Nijeriya mai bolt 230, alhali soket na gida amfa 13 yake ɗauka, don haka layinta daban ake ja mata. Idan kayan na Amurka ne a karanta tambarinsu: wanda aka yi don bolt 120 zai ƙone a nan. Hitar bokiti kuwa, wadda ake jefawa cikin ruwa, ba ta da gurbi a kwamin baftisma.

5.0 Kulawa ta Yau da Kullum

Rigakafi ya fi magani. Bayan kowace hidima a zubar da ruwan, a wanke kwamin, a bar shi ya bushe, domin ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tsaye matattara ce ta ƙwayoyin cuta da sauro. Duk wata a tara ruwa daidai gwargwado a kunna famfo na 'yan mintoci don kada ya cije, a kuma danna maɓallin gwajin bireka. Sau ɗaya a shekara ƙwararre ya duba wayoyi. Yana da kyau a liƙa matakan kunnawa da kashewa a bango, a ajiye littafin da ake rubuta ranar kowane gyara.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa yawancin matsalolin hita daga tsayawar ruwa suke farawa. Ƙa'idoji biyu ne suka tattare aikin: ruwa ya fara gudu kafin a kunna hita, wuta kuma ta mutu kafin mutum ya shiga.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake fara kunna famfo kafin hita?
2. Kawo dalilai uku da suke hana ruwa zagayawa.
3. Bayyana matakan tsaro da ya kamata a ɗauka kafin a shiga kwami.